Manomi a Gindin Tirelar Siminti

Wautata ita ce na daɗe ina ɗaukar kaina masanin halin ɗan Adam, alhali shanu kawai na sani. A boko ban wuce aji uku ba, shi ma ukun malaminmu ne ya gaji da ganin fuskata a aji biyu ya tunkuɗa ni gaba. Ilimin da nake taƙama da shi a karar Dei-Dei na same shi, inda na fara cin abinci da lodin shanu a tirela lokacin da na zo Abuja. A can na koyi cewa babu saniyar da ba ta hawa mota, sai dai in ba ka gano inda za ka taɓa ta ba. Wata sai ka murɗe mata wutsiya. Wata kana murɗawa za ta kwanta ta ƙi tashi, ita lallashi take so, a shafa mata wuya a yi mata magana ƙasa-ƙasa. Wata kuma ba ruwanta da kai, jira take ta ga 'yar'uwarta ta shiga, sai ta bi.

Da wani bijimi ya gwada ƙarfin haƙarƙarina, sai na tsallaka ɓangaren kayan gini na shiga dako. Na ɗauki siminti har gashin tsakar kaina ya gaji ya tafi. Da girma ya fara kama ni, 'yan ƙungiyarmu suka naɗa ni shugaba, suna kirana Sarki. Sarauta ce wadda fadarta benci ne a ƙofar shagon wani Oga da muke sauke wa kaya. Aikina in karɓi aiki, in raba abin da aka samu, in kuma zauna a bencin nan ina tuƙa mutane da baki.

Kuma na iya. Akwai wani dogon Bakatsine a cikinmu, shi kirari ne abincinsa. Da na ce, "Ga na Katsina nan, buhu na ganinka yana rawa," sai ka ga ya ƙara tsawo, ya ce a ɗora masa biyu. Akwai wani Bazazzagi, ni kuwa Bakano, don haka ba na ɓata kirari a kansa. Cewa nake yi, "Ku bi shi a hankali, a garinsu ba a saba ɗaukar abin da ya fi kwanon tuwo nauyi ba." Sai ya hau zagina yana gudu da buhu, har a gama tirela bai gama zagin ba. Wani kuma matsoraci ne, shi sai in kalli cikin shago in ce, "Oga na leƙowa fa," ko da Oga yana can garinsu wajen biki.

'Yata ta biyu, wadda take karatun koyarwa, ta taɓa jina ina ba uwarta wannan labari muna cin tuwo. Ta ce, "Baba, ai wannan duk yana cikin littafi. An ce buƙatun mutum kamar tsani suke. Ciki ne a ƙasa, sai tsaro, sai son a so ka, sai son a girmama ka." Na ce mata masu littafin sun yi ƙoƙari, amma da sun zo kara da sun gama binciken kafin la'asar. Ta ce akwai kuma wanda ba lada ke sa shi aiki ba, ba tsoro ba, abin daga cikinsa yake fitowa. Na ce wannan ban taɓa ganinsa ba, in ta gamu da shi ta kawo mini in ɗora masa buhu.

Ba ita ta kawo shi ba, mai shayin bakin layinmu ne. Wata safiya ya zo da wani mutum ya tsayar a gabana, ya ce surukin maƙwabcinsa ne, daga Paikon Kore, ta wajen Gwagwalada. Mutumin Gbagyi ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara yi masa yayyafi. Tafin hannunsa da muka gaisa kamar na kama gindin itace. Mai shayi ya ja ni gefe ya ce gonarsa ce aka zo da takarda da katafila aka shata, yanzu gidaje ne a wurin waɗanda ko mai gadinsu bai san sunansa ba. Yana da iyali, 'ya'ya na makaranta, ba shi da wata sana'a sai fartanya. Na dube shi na ce, "Baba, ka taɓa dako?" Ya ce, "Ni ya ɗauki doya." Na ce to doya da siminti duk kaya ne, ya cire rigarsa. Daga ranar muka sa masa Manomi, bai kuma taɓa nuna ya ƙi sunan ba.

Ba rago ba ne, wannan ina so a fahimta. Shi ne na farkon zuwa, ban taɓa ganinsa ya ɓuya bayan mota yana hutun ƙarya ba, ba ya zuwa fitsarin da ba ya ƙarewa irin na wasu. Amma tafiyarsa da buhu tafiyar mai zuwa ta'aziyya ce. Zai karɓi buhu, ya taka a natse zuwa cikin sito, ya ajiye kamar mai kwantar da jariri, ya dawo a natse. Kafin ya yi sawu ɗaya Bakatsine ya yi biyu yana neman na uku. Mu kuwa a tirela ake biyanmu, a raba daidai wa daida. Wanda ya yi gudu da wanda ya yi rangwaɗa duk abu ɗaya suke kaiwa gida.

Da farko na ɗauka kafaɗa ce matsalar. Mu a ka muke ɗauka, da gammo. Shi kuwa a bayan kafaɗa yake ɗorawa, ya ɗan karkata wuya, kamar yadda matansu suke ɗauko itace. Na naɗa masa gammo da hannuna na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya zauna a kai lokacin cin abinci. Na ce, "Manomi, na kai ne fa." Ya ce, "Sarki, kai yana da aikinsa, yana tunani duk rana. Ba zan ƙara mata kaya ba." Na ce ai mu ma muna tunani. Ya dubi sanƙona, 'yan banzan nan kuwa suka yi ta dariya har Bazazzagi ya ƙware da ruwa. Daga baya na lura in ana sauke rodi da katako, inda kowa a kafaɗa yake ɗauka, nan ma tafiyar ta'aziyyar yake yi. Ashe ba kafaɗar ba ce.

Sai na buɗe jakar dabaruna. Na fara da kirari. "Ga mai doya, ga wanda ƙasa ke tsoron garmarsa." Ya tsaya da buhu a kafaɗa, ya saurara har na gama, ya ce, "Na gode, Sarki," ya ci gaba da tafiyarsa. Kirarin ma lokaci ya ci mana. Na koma tsokana. Na ce an ce mutanen Paikon Kore da hawainiya suke tsere kuma ita take ba su rata. Ya yi dariya ta gaskiya, har da buga cinya, da yamma ma ya ce in maimaita masa don ya kai wa matarsa. Na gwada tsoro, na ce Oga ya fara tambayar wane ne wannan mai tafiya kamar ango. Ya ce, "Oga ya yi gaskiya." Na sa gasa, na ce wanda ya riga kowa zan saya masa shinkafa da nama daga aljihuna. Bakatsine ya ci, ya ci, ya sake ci, har na soke gasar don kada in talauce. Manomi kuwa kullum shi ne na farkon taya shi murna.

Abin ya fara hana ni jin daɗin shayina. Mutum yana buƙatar aikin nan fiye da kowa a cikinmu, na sani, shi ma ya san na sani. Da rana garin rogo yake jiƙawa ya sha da ƙuli-ƙuli don ya kai sauran gida. In ciki ne ke tura mutum, ai shi ya kamata ya riƙa tashi sama da buhu. Amma ga shi nan.

Direbobi suka fara ƙorafi wai muna riƙe musu mota. Oga ya kira ni cikin shago ya ce shi ba ruwansa da wanda na ɗauka, amma akwai wata ƙungiya a layin baya da ke roƙonsa aiki. Ranar nan da yamma, bayan Manomi ya tafi, Bakatsine ya tsaya a gabana yana karkaɗe hularsa.

"Sarki, mu fa ba gidan marayu muka buɗe ba."

"Wa ya ce maka maraya ne? Da furfurarsa?"

"Ka bar wasa. Guminmu yake ci. Mutumin kirki ne, ba wanda ya ce ba haka ba, amma kirki ba ya sauke tirela. Ko ka sallame shi, ko mu nemi wani Sarkin."

Cikin sauran ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Na ce su ba ni zuwa ƙarshen wata. Bazazzagi ya ce, "Ashe akwai saniyar da ta gagari Bakano." Wannan ta shige ni fiye da maganar Bakatsine.

Ƙarshen wata ya matso, ban ga wani canji ba. Wata Juma'a bayan masallaci Manomi ya zo ya durƙusa gefen bencina ya ce yana roƙon hutun gobe, ƙanensa ya kira gayya, za a tara ƙasar doya. Ƙarshen damina ne, ƙasa na da sauran laima, lokacin da suke yin tsibin da za su dasa a gaba. Nan take wata dabara ta zo mini, irin ta matsorata. Na ce a raina gara in bi shi, in ci abincinsu, in faɗa masa a can cewa kada ya dawo. A ƙofar gidansa zai ji, cikin 'yan'uwansa, ba sai ya hau mota da baƙin ciki shi kaɗai ba. Ni kuma ba sai na ga bayansa yana fita daga layinmu ba. Na ce, "Manomi, ana gayyatar Hausawa?" Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Sarki zai zo gidana?"

Da sassafe muka hau mota zuwa Zuba, daga nan Gwagwalada, sannan aka ɗora mu a babur mu biyu, ni a tsakiya kamar kifi a cikin burodi. Gonar ƙanen tana can bayan gari, inda masu shata ƙasa ba su kai ba tukuna. Mun tarar mutane sun taru, maza da manyan garemani, mata suna sauke tukwane a gindin wata ɗorawa. Akwai mai ganga, wani tsoho da ido ɗaya. Aka gabatar da ni da yarensu, na ji kalmar Sarki a ciki, sai ga shi an kawo mini kujera ta roba an ajiye a inuwa. Masu shan burkutu aka ware musu tulunsu, mu masu salla aka kawo mana kunu. Na zauna na miƙe ƙafa, aikin da na fi ƙwarewa a kai.

Suka jeru a bakin gona, kowa da layinsa, daga nan har wancan bakin inda wasu bishiyoyin kaɗanya suke. Manomi ya ɗauki layin gefe. Ya tofa yawu a tafin hannu, ganga ta tashi.

Na ajiye kunun. Mutumin da na sani da tafiyar ta'aziyya ya sunkuya, garma ta shiga ƙasa, sara ta nan, sara ta can, ya juya, tsibi ya tashi a tsakanin ƙafafunsa, mulmulalle kamar an yi shi da ƙwarya. Kafin in kalli wancan da kyau ya yi gaba ya tayar da wani. Bayansa na sheƙi, ƙasa na tashi ja. Akwai majiya ƙarfi a jerin waɗanda ya isa ya haife su, amma ya bar su kamar suna tsaye. Ba wanda yake masa kirari da suna, ba wanda yake zaginsa, ba shinkafa da nama. Ni da na zo sallamar rago, sai na sami kaina a tsaye ban san lokacin da na tashi ba.

Na ce a raina, to, gasa ce, yana son ya riga kowa isa kaɗanya ya zauna a kaɗa masa ganga. Ya isa kuwa, ya riga kowa da nisa. Amma bai ko miƙe bayansa sosai ba. Ya juyo ya dubi layukan, kamar mai neman akuyarsa a cikin garke. Can baya akwai wani mutum mai ɗingishi, layinsa ko rabi bai kai ba. Manomi ya taka zuwa ƙarshen layin mutumin nan, ya sunkuya, ya fara tara ƙasa yana nufo shi. Shi yana tahowa daga can, mai ɗingishi yana tafiya daga nan, har garemaninsu suka kusa haɗuwa a tsakiya. Suka miƙe tare, suka yi wata magana suka yi dariya. Mutum na biyu da ya gama layinsa shi ma haka ya yi, ya nemi wani na baya ya nufe shi. Ba wanda ya zo inuwa sai da layin ƙarshe ya rufe, sannan suka taho gaba ɗaya.

Na tambayi wata dattijuwa da ke raba kunu ko haka suke yi kullum. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ana cin tuwo da baki. Ta ce wanda ya riga gamawa ai shi ne yake da hannun da ya rage.

Da aka zauna cin abinci, Manomi ya kawo mini sakwara da miyar da ta sa na yi hawaye ta hanci. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, yana numfashi, fuskarsa kamar an kunna fitila a ciki. Na ce, "Manomi, ashe kana da gudu haka kake ɓoye mana?"

Ya ce, "Ni bai ɓoye ba."

"To me ya sa a Dei-Dei kake tafiya kamar ƙafarka ta aro ce?"

Ya ci gaba da murza loma. Na ga alama bai taɓa tambayar kansa ba. Can ya ce, "A can kowa yana ɗauki nasa, yana gudu. In na yi sauri, buhu ne. In ban yi sauri ba, buhu ne. Ba wanda yana baya yana jira na." Ya haɗiye lomar ya ƙara da cewa, "Ina ƙoƙari, Sarki. Ƙafa ne ba ya yarda."

Maganar da na zo da ita tana nan a bakina, na tura ta ciki da sakwara. Da la'asar matarsa ta ɗaure mini doya manya-manya, ta ce tana godiya da yadda nake riƙe da maigidanta. Na karɓa ina kallon ƙasa.

A mota na yi ta juya abin. Shanun kara duk daga baya ake tura su ko a ja su daga gaba, kuma haka na ɗauki mutane. Wannan kuwa sai ya hango wani a bayansa sannan ƙafarsa take kamawa. To ai da sauƙi, in ji ni. A raba tirela layi-layi kamar gona, kowa da rabonsa na buhuna, sannan a samo masa mai ɗingishi.

Rabon bai ba ni wahala ba. Ranar Litinin na hau tirela da gawayi na shata wa kowa nasa, Bakatsine har murna yake yi, don yanzu kowa zai ga wanda ya fara gamawa. Mai ɗingishin ne ya gagara. Na ja Bazazzagi gefe na ce ya riƙa jan ƙafa da gangan. Ya ce, "In zama na baya a gaban Bakano? Ko a mafarki." Na je wa matsoracin nan, ya ce in Oga ya gan shi a baya fa? Kowa na taɓa sai ya yi tsalle. Shekaru na yi ina hura musu girman kai don su yi gudu, yanzu ina neman mai yarda ya zama kurar baya, babu.

Na dubi bencina. Na dubi tirela. Na cire rigata.

Layin ya fashe da dariya har masu shagon maƙwabta suka fito. Tumbina ya riga ni isa gindin mota. Na ce daga yau Sarki ma yana da rabonsa, shugaba na gari ba ya zama mabiyansa na gumi. Bazazzagi ya ce, "A kira iyalansa su zo su yi bankwana." Na ɗauko gammon da na naɗa wa Manomi, wanda ya baje saboda zama, na ɗora a sanƙona.

Niyyata in yi wasan kwaikwayo. In ɗauki buhu, in yi nishi, in dafa ƙugu, in riƙa tsayawa ina haki. Buhun farko da ya sauka a kaina na ji wuyana ya shige cikin ƙirjina. Na biyu, gwiwoyina suka fara gaisawa da juna. Kafin na biyar na gane ba sai na kwaikwayi komai ba, nishin da ke fita nawa ne na halak. Ƙurar siminti ta shiga hancina, idona ya yi ja, na ga sito yana matsawa baya duk lokacin da na nufe shi.

Ina cikin wannan hali na ji iska ta wuce ni. Manomi ne, buhu a kafaɗa, wuya a karkace, yana sauri kamar an ce gidansa na cin wuta. Ya ajiye, ya dawo, ya sake wuce ni. Duk wucewa sai ya saci kallon rabona da ke tsaye a tirela kamar ba a taɓa ba. Bakatsine ya ga ana neman ƙwace masa suna, ya ƙara mai. Suka yi ta yi, ƙura ta tashi, direban da ke kwance a ƙarƙashin mota ya fito yana kallo. Kusan tare suka gama. Bakatsine ya je ya haye bencina ya miƙe ƙafa yana fifita da hula. Manomi kuwa ko ruwa bai sha ba, ya zagayo ta ɗaya gefen rabona ya fara ja.

Muka haɗu a kan buhun ƙarshe. Na kai hannu, ya kai hannu. Ya ce, "Bari, Sarki." Na bari, ba don kara ba.

Ranar mun sallami motar da wuri har direba ya saya mana ruwan leda. Oga ya leƙo ya gan ni fari fat kamar an tono ni, ya ce, "Sarki, an yi juyin mulki ne?" A gida uwar 'ya'yana ta dafa ruwan zafi tana gasa mini baya tana faɗa. Ta ce mutum da jikoki ya je yana gasa da buhu, in na karye ita ba za ta yi jinya ba. Tana faɗa tana ƙara man zafi.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ba wanda ya sake tayar da maganar sallama. Bakatsine bai taɓa taya kowa ba har ya bar dako, shi dai a ce ya riga, kuma ban ga laifinsa ba, da gudunsa aka san mu. Bazazzagi ya fara zuwa taya ni, amma don ya sami damar cewa Zariya ta ceci Kano, kullum sai ya faɗa da ƙarfi yadda layin baya za su ji. Matsoracin nan kuwa, da ya gane in ya makara wani zai zo ya tarye shi, sai ya rage waige-waigen shago.

Bayan kwanaki na ce to, ai mota ta tashi, ba sai an ci gaba da turawa ba. Wata safiya na bar rigata a jikina na koma benci, na raba musu tirela su kaɗai. Kowa a cikinsu ƙaƙƙarfa ne, ba wanda ya yi nisa a baya. Ina kallo Manomi ya dubi layukan, ya dube ni a zaune da kofin shayi, ya karɓi buhunsa, ya kama tafiyar ta'aziyya. Bakatsine ya harare ni. Na ajiye kofin na cire riga. Ramin da na haƙa da hannuna, ni ne a ciki har wuya. Haka na koma ɗan dako da furfura, rabona ƙarami ne, amma kullum sai na ɗauka, kuma kullum ni ne na baya. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, abinci ya dawo yana mini daɗi, kuma na fara jiran lokacin nan da zan ga kafaɗarsa ta ɓullo ta ɗaya gefen buhunana.

Ya yi shekaru tare da mu, har babban ɗansa ya gama makaranta ya kama aiki, ƙanensa kuma ya yanka masa wani yanki na gonar nan ta bayan gari. Ranar da zai koma gida ke nan, muna tsugune a bakin famfo da azahar muna wanke siminti daga fuska, na ga ya kamata ya san irin gwanin da ya zauna da shi. Na gyara murya na ce, "Manomi, akwai wani sirri. Ranar nan da na fara cire riga, ka san dabara ce na shirya maka?"

Ya watsa ruwa a wuya, ya murje kunnuwansa, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Na sani, Sarki. Tun a gona na ga kana so ka kore ni, bakinka bai iya ba. Dabara ne, amma buhu da ka ɗauka na gaske ne. Tsoho ya ɗauki siminti saboda ni, zan bar shi a baya?"

Na cika tafin hannuna da ruwa na kifa fuskata a ciki, na daɗe ban ɗago ba.